Ranar da Baba Ya Nome Akwatin Kifi

Sunan maigidana Lauwali. Na faɗa sau ɗaya ne don labarin ba ya tafiya sai da shi, kada ku sa ran sake jin sa daga bakina. Malam nake ce mishi, don malamin gona ne a nan Jega. Ɗan fari ne ga tsohonsa, wani manomin albasa na Aliero, wanda shi kam ko a mafarki ba na kama sunansa. Baba muke cewa. Shi ma Baban, tun ranar da anka raɗa wa Malam suna bai taɓa furta shi ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wannan" yake ce mishi, ranar da ransa ya yi fari kuma ya ce "mutumin Jega". Ban taɓa ganin su zaune kan tabarma ɗaya ba.

Shekara huɗu da ba mu jihar Kebbi anka tura Malam kwas Ibadan. Matan abokan tafiyarsa kowacce ta samu atamfa, wata har da rediyo. Ni Zaituna kuwa, motar albasa ce da ta sauke kaya a kudu ta tsaya a ƙofar gidanmu, anka sauko da akwatin gilashi naɗe cikin katifa, da wasu ledoji cike da ruwa ana tallabe da su kamar jarirai. Na leƙa, na ga kifayen da ko an haɗa su duka ba za su yi wa mutum ɗaya romo ba.

Na ce, "Malam, waɗannan yaushe za su girma a ci?"

Ya ce, "Ba a cin su."

"To mi ake yi da su?"

"Kallo."

Na koma madafa, turmi ya sha abin da ya sha.

A falo anka girka akwatin. Malam ya ɗebo yashin gulbi ya wanke shi har sau bakwai, ya shimfiɗa, ya dasa wasu ganyayyaki da ya zo da su, ya ajiye wani guntun icce mai kogo a tsakiya, ya jona ɗan inji mai busa iska cikin ruwa. Cikin wata uku ganyen ya cika akwatin ya yi duhu, ƙananan kifaye masu jan wutsiya suna shiga suna fita. Gaskiya su kam suna da kyau, sai dai ba su san komai ba ban da yawo.

Akwai kuma wasu biyu munana, dangin tarwaɗa ne amma tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Baƙaƙe ne masu ɗigo-ɗigo, bakinsu a ƙasa yake, su manne shi jikin gilashi su yi ta kankare gansakuka. Macen fuskarta sumul. Namijin kuwa wani tsiro ne ya fito mishi a kan hanci, cunkus, kamar saiwar albasa. Ran da na fara ganin sa sai da na nemi tsari. Ni na sa mishi suna Mai-Saiwa.

To kun san yadda kayan maza yake. Shi ya sayo, ni ke wahala. In an ɗauke wuta inji ya tsaya, ni ce zan tsaya da moɗa ina ɗibar ruwan ina sheƙawa kamar mai fifita kunu, don kada kifin Malam ya rasa iska. Ni ke jan ruwan rijiya in bar shi ya kwana kafin a canza musu. Ni ke yanka gurji, ko in ɗan tafasa kabewa, in soke da cokali in nutsar don Mai-Saiwa da matarsa. Da mita nake yi, kowa a unguwa ya sani. Abin da ba su sani ba shi ne, a hankali mummunan nan ya shiga raina. Duk cikin gidan nan ni da shi kaɗai ne ke goge abin da ba mu muka ɓata ba.

Wata Lahadi da safe Malam ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa, ya haska tocila cikin kogon iccen. Ƙwai ne dunƙule guda, ruwan gwaiduwa, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Mai-Saiwa ya toshe bakin kogon da jikinsa yana yi musu fifita da fika-fikansa. Uwar kuwa tana can gefe tana cin gurjinta, ko a jikinta.

Malam ya ce, "Wanga iri, uban ke jego. Ba ya hita, ba ya ci, sai sun ƙyanƙyashe. Shekara guda nike jiran wagga rana."

Na ce, "Ashe cikin maza ma akwai na kirki."

Ya kashe tocilarsa. Washegari kuma ofis ya tura shi ƙasar Maiyama, Andarai da Liba, zagayen kwana huɗu. Ya ɗaure jaka a bayan babur, ya dawo har sau biyu yana maimaita mini magana ɗaya.

"Zaituna, amana ce na bar miki. Kada kowa ya sa hannu cikin ruwan nan. Kowa. Iccen nan kuwa ko iska kada ta taɓa shi."

Na ce, "Wa zai zo ya sa hannu cikin ruwan kifinka? Tahi abinka."

Ranar Talata da hantsi na ji sallama a zaure, muryar da ba ta ɓoyuwa. Baba ne. Ya shigo Jega neman bel na injin ban-ruwa, ya ce bari ya biyo ya ga mutumin Jega. Shekarata shida a gidan nan, maganata da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma daga bayan labule, a durƙushe. Haka na yi mishi sannu da zuwa, na ce Malam ya yi tafiya. Na tura mishi tabarma da ruwa falo, don nan ne masaukin baƙi. Sai da na saki labulen na tuna abin da ke cikin falon.

Baba mutum ne da bai iya zama ba. In ya zo gidanka ya ga tsintsiya ta kwance sai ya ɗaure ta. Ina leƙe ta gefen labule na ga ya sha ruwa, ya ajiye kwano, idonsa ya sauka kan akwatin. Ya tashi ya matsa, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana dubawa. Kifayen ba su dame shi ba. Ganyen yake kallo.

Ya ce, shi kaɗai, "Ikon Allah. Mutum shina malamin gona, shina koya ma mutane noma, ga haki ya canye mai ruwa cikin ɗaki."

Ya fara naɗe hannun riga.

In ce "Baba bari" ba zai yiwu ba. Surukar da ta hana surukinta abu, kafin magariba labarinta ya kai Aliero, kafin Juma'a ya kai gidanmu. In yi shiru kuma, ga amana, ga mummunan nan da yau kwana uku bai ci komai ba saboda 'ya'yansa. Dabarar da ta fara zo mini ita ce abinci, don hannun da ke cikin kwano ba ya noma.

Na yi gyaran murya na turo fura. Ya saki hannun riga ya zauna ya sha. Yana ajiye ludayi na turo ɗumamen tuwo da man shanu. Ya ci. Na turo dafaffen rogo da ƙuli. Ya ce, "Madalla da ɗiyar kirki," ya ci. Na soya ƙwan zabi guda shida da nake tarin su don kaina, ina soyawa ina jin zafinsu. Ya cinye. Na turo goro. Tsohon nan, wallahi ban san inda yake zuba abinci ba, jiki kamar sandar kiwo. Da azahar ta yi ya fita masallaci, na ce shi ke nan, daga can zai nemi mota. Sai ga shi ya dawo da ƙarfinsa, ya ce ba ya barin gidan ɗansa da haki a ciki, ko don abin da anka ciyar da shi. Ashe ƙarfin noma na yi ta ɗura mishi tun safe.

Na ruga bayan gida na leƙa katanga na kira Dije. Dije maƙwabciyarmu ce, tsohuwa 'yar Fagada mai sayar da daddawa, kusan sa'ar Baba, kuma bakinta ba ya da ƙofa. Ita tana iya faɗa mishi abin da ta ga dama.

Na ce, "Inna Dije, ki rufa mini asiri. Ki ce mishi ba haki ba ne. Ki ce iri ne na gwamnati, na gwaji, daga ofis anka ba Malam ajiya."

Ni a lissafina, tsohon ƙauye in ya ji sunan gwamnati zai ja da baya. Dije ta yafa zane ta shigo tana dariya tun daga zaure. Sunka gaisa, sunka taɓa 'yar tsokana irin ta tsofaffi, sannan ta sauke mishi ƙaryata yadda na ba ta, har da ƙarin gishirinta, wai daga ƙasar waje anka kawo shi cikin jirgi.

Baba ya sake leƙa akwatin.

Ya ce, "Iri ne?"

Dije ta ce, "Iri ne, na gwamnati."

Ya ce, "To ai abin ya hi muni. Wa ke barin iri ya yi wanga cunkoso? Ruɓewa za shi yi, a kama wannan da laihi. Dashe shika so."

Na zauna daɓas a bayan labule. Da bakina na mai da shara ta zama aikin ceton ɗansa.

Abu ɗaya na iya yi. Na turo mishi ruwa a ƙwarya ba sabulu, don sabulu guba ne ga kifi, ya wanke hannu har gwiwa, yana ta sa mini albarka wai na san aiki. Sannan ya tsoma hannu. Ku zo ku ga gwaninta. Ya tuge ganyen nan tushe-tushe, ya jera a kan faifai, ya ware masu ƙarfi ya zubar da raunana. Ya ciro 'yar wuƙarsa ya datse musu kai yadda ake yi wa irin albasa kafin dashe. Ya baje yashin da tafin hannu, ya ja layi da ɗan yatsa, ya tayar da 'yan kunyoyi, ya fitar da fangali huɗu cif, irin na fadamar Aliero, har da hanyar ruwa a tsakani, a cikin abin da yake cike da ruwa. Ya bi layi yana dasawa, tazarar yatsa biyu-biyu. Ruwan ya gurɓace ya yi fari, masu jan wutsiya sunka taru a lungu ɗaya suna rawar jiki.

Dije ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa idona na kan iccen. Har yanzu bai taɓa shi ba, yana ta kewaye shi. Na fara cewa a raina wataƙila Allah Ya rufa asiri, ganye dai ya sake tsirowa. Daidai nan Dije ta shinshina iska ta ce kalwarta na ƙonewa, ta fice ta bar ni.

Baba ya miƙe ya dafa ƙugu yana duban aikinsa.

Ya ce, "Saura kututturen ga. Ba a barin kututture tsakiyar fangali."

Ya sa hannu biyu ya ɗago shi. Na ga iccen ya rabu da yashi, na ga ya keto saman ruwa, ruwa na zuba daga bakin kogon. Ban san lokacin da na yaye labulen ba. Sai gani na yi ina tsaye tsakiyar falo, kaina ko mayafin kirki babu.

Na ce, "Baba, mai da shi."

Ba roƙo ba ne ya fito, umurni ne, irin wanda nake ba akuya in ta shiga madafa. Ni da kaina sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya juyo ya dube ni, karo na farko ke nan da ya ga fuskata sosai tun ranar da anka kawo ni. Na durƙusa, amma bakina ya ƙi tsayawa.

"Ƙwai ne a ciki. In sun sha iska sun mutu. Don Allah, Baba."

Ya karkato iccen wajen hasken taga ya leƙa. Mai-Saiwa na nan ciki. An raba shi da ruwa, an ɗaga gidansa sama, amma ya baje ƙayoyinsa ya tokare bangon kogon, ya rufe ƙwan da cikinsa. Ko motsin gudu bai yi ba. Baba ya sunkuya a hankali ya mayar da iccen daidai gurbinsa, ya tara mishi yashi a gindi da yatsa. Ya tsaya har sai da ya ga fika-fikan nan sun koma fifita.

Bai dube ni ba. Gilashin ya tambaya.

"Uwar ce?"

Ni ma na amsa wa tabarma. "Uban ne. Uwar ga ta can bayan fangali na biyu."

"Uban." Ya ƙara leƙa kogon. "Tun yaushe?"

"Yau kwana uku. Ko abinci bai hito ya ci ba."

"Shi da kanshi, gaban jama'a? Ba ya jin kunya?"

Na ce, "Kifi ne, Baba."

Ya ce, "Hakanan ne."

Ya jawo tabarmarsa gaban akwatin ya zauna. Na ja da baya da gwiwa na koma bayan labule ina jiran hukunci. La'asar ta yi, motocin Aliero sunka gama tashi, Baba bai motsa ba. Da anka ɗauke wuta na fito da moɗa a ɗarare, ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba. Na ba shi. Ya kalli yadda na yi sau ɗaya, ya karɓi aikin, kuma in faɗi gaskiya ya fi ni iya sheƙa ruwa.

Kwana biyu ya yi a gidan, shi da bai taɓa kwana Jega ba. Bel ɗin injin na cikin aljihunsa, albasa na can tana jiran ruwa, ya aika wa ƙanen Malam da shi ta hannun wani direba. Ruwan akwatin ya kwanta ya yi garau, fangali huɗu sunka fito ras, abin dariya abin sha'awa. Mun kuma samo hanyar hira. Shi ya tambayi gilashi, ni in amsa wa labule.

"Ko wanga mai gemu shina cin dawa?"

"Gurji yake so, da kabewa."

"In sun ƙyanƙyashe, shina korar su?"

"Malam ya ce sai sun yi ƙwari suke watsewa da kansu."

"Wannan ya san abubuwa," in ji Baba. Ya faɗa a hankali, kamar kada gilashin ya kai labari.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ji ƙarar babur. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni. Shekara guda ina sheƙa ruwa da moɗa ba ko sannu, yau zan ga yadda malamin gona zai yi da gonar da ubansa ya nome mishi. Na gyara wurin leƙena da kyau.

Malam ya yi sallama ya shigo, ya ga takalmin Baba, ya cire hula ya durƙusa daga bakin ƙofa. Yana cikin gaisuwa idonsa ya faɗa kan akwatin. "Mun same ku lahiya" ta tsaya mishi a rabi. Dajin da ya yi shekara yana reno ya koma fadamar albasa, layi-layi, an yi wa kowane ganye aski. Ya waiwayo wajen labule, na san ni yake nema, na ƙara lafewa. Wa zai yi wa faɗa? Ni ban sa hannu ba. Wanda ya sa hannun kuwa, ga shi nan zaune yana jan tasbaha.

Baba ya ce, "Irin gwamnati ya kusa lalacewa. Na gyara."

Malam ya ce, "Irin... an gode, Baba. Allah Ya ƙara girma."

Sai da na cusa bakin zane a bakina.

Amma hankalinsa na kan iccen. Ya ga an tara mishi yashi a gindi, ya san an taɓa. Fuskarsa ta canza, dariyar ta gudu daga cikina, don na san abin da yake tsoro. Ya rarrafa ya matsa jikin akwatin ta can gefe, nesa da tabarmar Baba, ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu zai juyo bakin kogon ya gani.

"Lauwali."

Wannan ba daga bakina ya fito ba, na Baba ne, ni dai na maimaita.

"Hid da hannunka. Sun hito tun hantsi. Kada ka tsorata mai ɗiya."

Hannun Malam ya tsaya cikin ruwa. Shekararsa talatin da shida, bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin ubansa ba. Ya zaro hannun a hankali, ruwa na bin gwiwarsa yana ɗiga kan wando, bai ko share ba.

Ya ce, "Na'am, Baba."

Baba ya yi kamar bai san abin da ya faɗa ba. Idonsa na kan bakin kogon, inda wasu 'yan mitsi-mitsi masu rawayan ciki sunka taru suna kaɗa wutsiya ƙarƙashin gemun ubansu. Ya ɗan muskuta gefe, ya tattara rigarsa, rabin tabarmar ya fito fili.

Ya ce wa gilashin, "Daga nan an hi ganin su."

Malam ya daɗe yana duban wurin. Sannan ya taso ya zauna, kafaɗarsa na gogar ta tsohon, su biyu sunka sunkuya suna leƙen kogo ɗaya.

Na saki labule na koma madafa, don mai jego zai fito da yunwa. Gurji nake yankawa ba albasa ba, don haka ban samu abin da zan laƙa wa laifin idanuna ba.